Hannuwan Tasalla

To, ku matso kusa, tabarmar ta ishe mu. Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta ƙaraso, Gwaggo, mu ji ta.

Hanne, kin amsa baki cike da tuwo. Haɗiye tukuna, tatsuniyar ba guduwa za ta yi ba.

A wani gari da ake kira Tsaunin Marke suna da wata al'ada. In Sallah ta rage saura kwana goma, sai yaran kowane gida su zauna su yi kayan kwalliyar ƙofa. Su feƙe karan dawa su yi tsuntsaye da raƙuma. Su saƙa 'yan ƙananan faya-fayai da rinanniyar kaba. Su dama farar ƙasa su zana bangon zaure. Ranar jajibiri sai a rataye komai a ƙofar gida. Manya nasu kawo kara da kaba ne kawai, aikin na yara ne.

To akwai wata mata a garin, sunanta Barmani. Matar nan Allah ya ba ta hannu. In ta saƙa faifai, sai mutum ya ji kunyar rufe tuwo da shi. 'Yarta ɗaya tak, Tasalla, mai shekara bakwai. Barmani na son yarinyar nan kamar ranta, wannan kam ba zan ɗauke mata ba. Aibinta guda ne: ba ta iya ganin abu a karkace ta kau da kai.

Ran farko Tasalla ta yi tsuntsun kara. Ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Sai ta rugo da murna ta nuna wa uwarta.

"Inna, ga tsuntsuna."

"Ya yi kyau. Kawo in ɗan gyara miki."

Sai ta cire ƙafar ta sa wata. Sai ta ga fiffiken bai dace da sabuwar ƙafa ba, ta sake shi. Sai kan, sai bindin. Tarkacen ta watsa a murhu. Ta miƙa wa yarinyar tsuntsu kamar ya tashi sama. Tasalla ta karɓa hannu biyu ta ce ta gode.

Rana ta biyu ta saƙa ɗan faifai. Ja ya shiga gidan kore, bakinsa kuwa kamar akuya ta gatsa. Barmani ta ce ya yi kyau, a kawo ta ɗan gyara. Sai ta warware shi tas, ta sake saƙawa daga cibiya. Wannan karon Tasalla ba ta miƙa hannu ba, sai a tabarma aka ajiye mata.

Rana ta uku ta dama farar ƙasa ta zana raƙumi a bangon zaure. Wuni guda tana yi, har da ɗage ƙafa don ta kai tozon. Da aka aike ta kai niƙa, Barmani ta jiƙa tsumma ta goge, ta zana nata raƙumin, kyakkyawa, har da akala. Tasalla ta dawo ta tsaya tana kallon bango. Ba ta yi kuka ba. Ni kam da kukan ta yi da ya fi mini sauƙi.

Da gari ya waye, sai aka ga hannuwan Tasalla a dunƙule, duka biyun. Aka lallaɓa, aka shafa man shanu, aka gasa da ruwan ɗumi. Ko yatsa ɗaya bai miƙe ba. Abinci ma sai a baki ake ba ta.

Hankalin Barmani ya tashi. Sai ta goya ta, ƙatuwar yarinya, ta kai wa maɗori. Ya taɓa ya taɓa, ya ce shi bai ga karaya ba balle ya ɗora. Sai ta kai wa wanzami. Ya ce jinin yarinya lafiya lau, ba zai sa mata ƙaho a banza ba. Sai aka ce ta gwada Iya Kyauta, wata tsohuwa mai sayar da daddawa a bakin gari.

Iya Kyauta ta juya hannuwan, ta dubi yarinyar, ta dubi uwar. Ta ce maganin ba wuya. A kawo mata abu ɗaya da yarinyar ta yi da hannunta, ta jiƙa a ruwa a wanke hannuwan, shi ke nan.

Barmani ta ce ai wannan mai sauƙi ne. Ta ruga gida ta ɗauko tsuntsun. Tsohuwa ta shinshina ta ce, "Wannan hannunki ne, 'yar nan." Ta koma ta ɗauko faifan. Tsohuwa ta ce wannan ma nata ne. Ta koma ta kankaro farar ƙasar bango a tafin hannu. Tsohuwa ko shinshinawa ba ta yi ba, ta girgiza kai.

Sai Barmani ta shiga gida ta hau bincike. Ta ɗaga gado, ta zazzage kwalla, ta leƙa bayan randa. 'Yar tsanar yarinyar, ita ta ɗinka mata zane. 'Yar tukunyar wasanta, ita ta sake gina ta. Shekara bakwai yarinya na cikin gida, amma babu abu ɗaya da za a nuna a ce aikinta ne. Nan Barmani ta zauna a tsakar ɗaki ta yi kuka mai isarta, don ta gane ita ce ciwon.

Ta koma wurin tsohuwa hannu wofi ta faɗa mata gaskiya. Iya Kyauta ta ce to, saura hanya ɗaya. Gobe jajibiri, za ta zo da sassafe ta sa mata lalle. Barmani ta ce ana wannan hali wa ke ta lalle. Tsohuwa ta ce ita dai ta ba da hannu.

Da safe kuwa ta zo. Ta kwaɓa lalle ta zuba a zunguru biyu, wato dogayen ƙoren nan da ake cusa hannu a ciki har gwiwa. Ku na yanzu ba ku san shi ba, sai leda. Ta cusa hannuwan Barmani, ta ɗaure tamau. Ta zaunar da ita a ƙofar zaure. Ta ajiye kara da kaba da kwaɓin farar ƙasa a gefe. Sannan ta ce mata, Tasalla na ji: "Duk abin da ta yi, kada hannunki ya taɓa shi sai an sauko daga Idi." Ta ɗauki tallanta ta tafi.

Ko'ina a layin yara na rataye kayansu, ana dariya. Ƙofar Barmani kaɗai ba komai, don ta kawar da kayan da ta yi da hannunta, ta shafe bangon. Tasalla na zaune gefenta, hannu a cinya.

Barmani ta ce, "Ke, ga ƙofarmu tsirara. Ni kuma kin ga hannuna."

Yarinyar ta ce, "In na yi, za ki gyara?"

"Da wane hannun?"

Tasalla ta dubi zungurun nan biyu. Sai ta tashi ta tsoma dunƙulen hannunta a farar ƙasa ta manna a bango. Ta juyo ta dubi uwarta. Bakin Barmani har ya buɗe zai ce a ɗan matsa hagu. Sai ta ciji bakin mayafinta ta yi shiru.

Ta manna na biyu. Ta manna na uku. Sai babban yatsan dama ya miƙe. Ta ja layi da shi, karkatacce. Ba wanda ya tanka. Sai manuni ya buɗe. Ta ɗauki kara. Barmani na zaune gumi na zubo mata, hannuwanta na ƙaiƙayi a cikin zunguru, amma ta daure. Kafin a kira azahar yarinya ta yi faifai mai baki uku, da raƙumi mai kama da jaki, da tsuntsu. Ta taka turmi ta rataye su da kanta. Yatsu tara sun buɗe. Saura ƙaramin na hagu, shi ma ya fara motsi.

Aka cire wa Barmani zunguru, lalle ya kama jawur. Ta wuni tana shiga da fita ta ƙofar nan, hannu a bayanta.

Safiyar Sallah kowa ya yi ado ya nufi Idi. Barmani ta fito za ta ja ƙofa, sai idonta ya faɗa kan tsuntsun. Fiffike ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Ta wuce. Ta dawo. Ta duba layi, ba kowa. Ta ce a ranta ai wannan ba gyara ba ne, ɗan turawa ne kawai. Sai ta sa yatsa ɗaya ta daidaita fiffiken.

Tana juyowa sai ga Tasalla a cikin zaure, cikin sabon zanenta, tana kallonta.

"Inna, saura kaɗan fa a sauko."

Abin da ta ce ke nan. Ta zo ta kama hannun uwarta suka tafi Idi.

Tasalla ta girma, ta yi suna a saƙa har ta fi uwarta. Barmani kuwa ta yi shekara arba'in bayan nan, ba ta ƙara taɓa aikin yaro ba. In jikoki suka kawo mata tsuntsu mai ƙafa ɗaya, sai ta zauna a kan hannuwanta ta ce a rataye. Ta koma wurin Iya Kyauta, ta roƙa, ta yi sadaka, ta yi duk abin da uwa ke yi. Amma ƙaramin yatsan nan na hagu bai ƙara motsi ba, da shi a naɗe Tasalla ta tsufa.

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, kan ɗan kusu.

Ku manyan cikinku nake wa magana. In ƙaninku ya kawo muku abin da ya yi, ku karɓa a yadda yake. Karkataccen nasa ne, miƙaƙƙen naku ne. Ni ma da nake faɗa, hannuna ba ya jin magana, Allah dai ya yafe mana. Ku tashi ku wanke hannu.