Garaɓasar Kurege

An yi wani Kurege mai zari da wata Bushiya mai haƙuri, a can zamanin da gonakin gyaɗa suke kaiwa har bakin rafi. Duk kaka, idan manoma sun cire gyaɗa sun kwashe, su biyun sai su shiga roro, suna tono 'yan ƙwayoyin da suka saura a ƙasa. A ramin Kurege suke tarawa, shi ne abincinsu na rani. Da la'asar sukan zauna a gindin tsamiya, yana ɓare mata gyaɗa, tana yi masa tsiya wai wadda yake kaiwa baki ta fi wadda yake miƙo mata.

Wata ranar kasuwa, buhun gyaɗa ya zame daga bayan jaki, mai jakin bai lura ba. Hankaka sarkin surutu ne ya fara gani.

"Kurege! Fito, garaɓasa ta faɗi!"

"Wace ce kuma garaɓasa? Cin ta ake yi?"

"Kai dai baƙauye ne. Abin da ka samu ba gumi, ba zato. Ka ga buhun can? To, ita ke nan."

Kurege ya haɗiye yawu. Bushiya kuwa ta zagaya buhun ta shinshina.

"Wannan tsintuwa ce, da mai ita, kuma zai dawo cigiya," in ji ta. "Ka tuna bara, da tsohon manomin nan ya gaji ya bar mana ƙarshen gonarsa bai cire ba? Waccan ce garaɓasa."

"Ke matsalarki ke nan, ƙaya a baya, ƙaya a baki! Je ki ci gaba da tonon ƙasa. Ni na gama roro har abada."

Ya kama bakin buhun da haƙora, ya yi ta ja har raminsa, ya juye gyaɗar a kan wadda suka tara tare. Bai waiwaya ba, balle ya ga shatin da buhun ya bari a kan rairayi.

Kafin azahar sai ga mai jaki da fartanya, yana bin shatin nan tiryan-tiryan. Da ƙyar Kurege ya sha ta ƙofar baya. Mutumin ya tone ramin, bai tsaya bambance tasa da ta roro ba, ya kwashe kaf.

Hankaka ya sheƙe da dariya daga reshe. "Yau kuma mai jaki ne ya ci garaɓasa! Buhu ɗaya ya yar, ga shi ya tafi da ɗaya da rabi!"

Kwana uku Kurege yana zama shi kaɗai a gindin tsamiya, ciki ba komai. Yana ta kallon wurin da Bushiya ta saba zama, yana tuna ƙamshin ɗanyar gyaɗa da dariyarta idan ɓawo ya maƙale masa a hanci.

A rana ta huɗu sai ga ta. Ta ajiye gyaɗa uku a gabansa.

"Ɓare."

"Bayan abin da na yi miki?"

"Ɓare na ce. Gobe da sassafe akwai gonar bakin rafi, ba wanda ya yi roronta."

Kurege ya ɓare. Ya miƙa mata duka, ta tura masa rabi.

Darasin wannan labari shi ne, garaɓasa ita ce alherin da ya zo maka ba zato, ba tare da wani ya yi asara ba. Abin da ya faɗi daga hannun wani yana da mai shi, kuma wanda ya haɗa shi da guminsa zai iya rasa duka biyun.