Takwarar 'Yar Zulai

Ku ajiye wayoyin nan ku saurare ni. Jiya a kan bencin nan kun yanke hukunci a kan maganar Zulai, alhali ƙarshen labarin kawai kuka ji. Har na yi ritaya daga koyarwa ban taɓa ba ɗalibi maki ba sai na karanta takardarsa zuwa shafin ƙarshe. Ban yarda ba, sai an sake zama.

Ga wanda bai sani ba, Zulai ɗalibata ce tun firamare. Tana aiki a ɗakin kwamfuta na wata makarantar kuɗi a nan Funtuwa. Sabon shugaba ya zo ya ce mutum ɗaya zai riƙe a ɗakin, kuma sai mai takardar shaidar cin jarrabawar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Mijinta ba shi da aiki, ga ta da tsohon ciki. Sai ta yi alkawari, mijin kuma ya amince: in ta ci, in kuma mace ta haifa, sunan wadda ta tsallakar da ita za a sa wa jaririyar.

Mata uku ne suka tsaya mata. Ta farko ita ce Anti Marka, ƙanwar babanta. Ba a cin jarrabawar nan da karatu kaɗai, sai hannu ya saba da ɗora manhajar tun daga tushe, kuma Zulai ba ta da kwamfutar kanta. Anti Marka ta ba ta aron tata. Zulai ta ce, "Anti, in wanke ta?" Ta ce, "Wanke ta mana, 'yar nan, ai ta yi datti." A bakin masu gyara, wanke kwamfuta shi ne share duk abin da ke cikinta. Ita kuwa Anti Marka ta ɗauka goge-goge ne da tsumma. A cikin kwamfutar akwai muryar mahaifiyar Marka marigayiya, hirarrakin da ta ɗauka kafin tsohuwar ta rasu, kuma babu su a ko'ina sai nan. Da ta gane abin da ya faru, ta kulle ɗaki ta yi kukanta, ta fito ta wanke fuska, ta bar wa Zulai kwamfutar. Ba ta faɗa mata ba sai bayan jarrabawa.

Ta biyu Hasiya ce, abokiyar aikinta, wadda suke neman kujera ɗaya. Hasiya ta taɓa zama jarrabawar ta faɗi, saboda haka ta san inda ake tuntuɓe. Zulai ta iya aiki da hannu, amma Turancin tambayoyin yana juya mata kai. Kullum bayan an tashi, Hasiya kan zaunar da ita ta warware mata yadda ake ba kowane ma'aikaci izinin shiga, da yadda ake farfaɗo da na'urar da ta ƙi tashi. 'Yan gidansu suka ce mata, "Ke, kina da hankali kuwa? Kujerarki kike miƙa mata!" Ta ce, "Ni kaina kaɗai nake ciyarwa." Yanzu haka Hasiya tana gida ba aiki.

Ta uku ita ce Kuluwa, maƙwabciyarsu, nas ce a ɗakin haihuwa. Ranar jarrabawa mijin ya ce ba inda matarsa za ta je da wannan cikin. Ran nan ake kamun 'yar Kuluwa, amma ta bar baƙi cike da gida ta ce ita za ta raka ta Zariya, inda ake jarrabawar. Sun kai Giwa ciwo ya turniƙe Zulai. Direba ya ce, "Hajiya, asibiti zan juya, ba za a haihu mini a mota ba!" Kuluwa ta duba ta, ta ce, "Ba naƙuda ba ce. Tuƙa, Malam, in wani abu ya faru a wuyana." Suka isa ana shirin rufe ƙofa. Har yau 'yar Kuluwa ba ta gama hucewa ba.

Zulai ta ci, an tabbatar mata da aikinta, ta kuma haifi mace. Jibi suna, amma har yanzu ba a yi wa jaririya huɗuba ba, domin uwar in an tambaye ta sai kuka. Ku kuwa kun ce Kuluwa, don ita kuka gani tana fitowa daga mota. Wani ma ya ce a jera sunayen uku. Wannan gudun hukunci ne, suna ɗaya liman zai raɗa.

Ba kwamfutar Marka, ba hannun da ya saba. Ba darasin Hasiya, ba amsa. Ba Kuluwa, ba zama a ɗakin jarrabawar. Ɗaya ta rasa muryar uwa, ɗaya ta rasa abincinta, ɗaya ta ɗauki rai biyu a wuyanta.

Ba wanda zai tashi sai ya ba ni amsa da hujja. To, a cikin ukun nan, sunan wa za a raɗa wa yarinyar nan?