Ranar da Alkasum Ya Sa Aka Buga Gangar Kokawa a Gona

Akwai wani ɗan kokawa a Dakusa mai suna Alkasum, a farkon zamanin da Nasaran Faransa suka karɓi ƙasar Damagaram. Ya daɗe ba a kai bayansa ƙasa ba, har gwiwa ta hana shi shiga fili. Da ya bar kokawa, sai ya sayar da shanun da ya samu kyauta, ya haƙa wa garin rijiya.

Wata shekara, damina ta sauka ke nan, sojojin Nasara suka kwashe magidanta zuwa aikin dole na gyaran hanya. Ciyawa ta fara cinye gero a gonakinsu.

Alkasum ya kira tsohon makaɗinsa, Mamman, ya ce ya buga gangar kokawa a bayan gari. Samari suka fito a guje, kowa da layu a damtse. Suna isa sai suka tarar da hauyoyi a jere.

"Baba Alkasum, da wa za a kama?"

"Ga ta can," in ji shi, yana nuna ciyawa. "Ta kayar da gonaki da yawa, ba wanda ya tanka mata."

Aka bushe da dariya, kowa ya ɗauki hauya. Suma'ila ne kaɗai, sabon zakaran kokawar yankin, ya tsaya ya riƙe ƙugu.

"Baba, girma ya kama ka. Ni ba a buga min ganga don in yi wa wani noma." Ya juya abinsa.

Ba a jima ba sojojin suka dawo neman majiya ƙarfi, kuma Suma'ila suka fara nunawa. Aka bar tsohuwarsa, Inna Kaltuma, da gona ita kaɗai.

Samari suka ce su kam ba za su taɓa gonar ba.

"Inna Kaltuma ce ta yi mana rashin kunya?" Alkasum ya tambaye su. "Mamman, buga mana."

Aka nome gonar tas.

Alkasum bai tsaya nan ba. Ya hau jaki zuwa birnin Damagaram, yana roƙon kwamandan Nasara ya ɗage aikin hanyar sai bayan girbi. Aka kore shi, ya koma. Aka sake korarsa, ya sake komawa, har tafinta ya fara gaishe shi da suna. Ƙarshe dai kwamandan ya gaji, ya sallami mutanen Dakusa.

Suma'ila ya dawo a rame, yana tsammanin zai tarar da daji. Sai ga gero ya fi shi tsayi. Da tsohuwar ta gaya masa waɗanda suka yi aikin, ko ruwa bai sha ba ya nufi gidan Alkasum, ya durƙusa.

"Baba, na zo a yafe min."

Alkasum ya yi dariya. "Tashi, ɗana. Gwiwata ba za ta bari in ɗaga ka ba. Gobe akwai girbi a gonar Zainaba, mijinta ya dawo ba lafiya."

Washegari, kafin Mamman ya ɗaure ganga, Suma'ila yana cikin gonar.

Darasi: Ƙarfi da suna suna ƙarewa, amma abin da ka yi wa mutane da su ba ya ƙarewa. Kada ka hana alheri don an raina ka. Ku tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.