Zuciyar Saje Mamuda

Ku gyara zama, ga wata da za ta raba muku kawuna.

A wani bariki an yi wani soja, Saje Mamuda, wanda zuciyarsa ta fara yi masa wasa: ta buga, ta tsallake, ta zabura, kamar kalangu a hannun ɗan koyo. Ya ɓoye, don a bariki mai yawan zuwa asibiti rago ake ce masa, ga gudun gwajin ƙarin girma ya matso. Sai ya kama goro da shayi mai kauri wai neman ƙarfi, bai san tunzura ta yake yi ba.

Kofur Haladu, mai buga gangar fareti, ya riƙe wuyan hannunsa wata rana suna gaisawa, ya ce, "Oga, wannan bugun ya saki layi."

"Rufe mini baki," in ji Mamuda.

Soja ba ya kai ƙarar ɗan'uwansa, amma Haladu ya je ya gaya wa likita. Likita ya aika kira, Mamuda ya ce sai bayan gudu, ya kuma daina amsa gaisuwar Haladu.

Ranar gudu, ana dab da ƙarasawa, Mamuda ya yanke jiki ya faɗi. Saje Tanimu, wanda shekara huɗu yana jiran wannan igiya ta ƙarin girma, ya tsaya, ya durƙusa yana danna masa ƙirji har hannuwansa suka mutu. Sauran suka wuce, igiya ta bi su.

Likita, Kyaftin Barau, saboda maganar Haladu ya biyo masu gudu a mota da na'urar farfaɗo da zuciya. Ya ɗora masa ita, zuciya ta dawo. Da manya suka zauna za su sallami Mamuda daga aiki, Barau ya tsaya kai da fata: mutumin nan zai sha magani, a riƙa duba shi, a ba shi koyar da kurata. Aka bar masa kakinsa.

Ƙaton soja ya yi kuka a gaban mutum ukun nan, godiya ta rasa ta inda za ta fito. Ba a jima ba matarsa ta haifi ɗa namiji. Ya rantse sunan wanda ya cece shi zai sa wa yaron. Ga rago a ɗaure, ga liman yana jira, yaro kuwa ɗaya ne.

To, Haladu, Tanimu ko Barau, sunan wa za a raɗa masa?