Dutsen Wasan Malam Barmo

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin da, wanzami ne, ana ce da shi Cindo. Hannunsa ba laifi, amma bai iya zaɓen dutsen wasa ba. Wanda ya fi sheƙi shi yake saya, ya goga, ya goga, askar ta ƙi ci. Mutane suka riƙa gudunsa suna komawa wajen wani bawan Allah, Malam Barmo, tsohon wanzamin da ke zama a inuwar tsamiya kusa da shi.

Malam Barmo duwatsu biyu gare shi, mai kaushi na tayar da kaifi, da wani baƙi mai laushi na gamawa. Wata rana ya tafi sallar azahar ya bar zabirarsa. Cindo ya duba gabas, ya duba yamma, ya zare baƙin nan ya cusa a aljihu.

Ku saurara, jama'a. Tsohon ya dawo ya laluba, bai ga dutsen ba, ya ci gaba da aikinsa.

Ranar kasuwa ya wasa askarsa da mai kaushin kaɗai, ya yanki wani mahauci a ƙeya. Mahaucin ya miƙe yana cewa, "Tsufa ya cinye ka! Ka je gida ka kwanta!" Mutane na dariya. Tsohon ya ce, "Yi haƙuri, ɗana," yana goge masa jinin. Cindo na zaune yana gani. Ya sunkuyar da kai. Ranar bai iya cin tuwo ba.

Washegari da hantsi sai ga sallama. Cindo ya fito ya ga Malam Barmo.

Tsohon ya miƙa masa dutsen mai kaushi ya ce, "Ungo. Na ji kai za ka yi askin suna a gidan Liman gobe. Baƙin nan shi kaɗai ba ya tayar da askar da ta dakushe. Ka fara da wannan, ka gama da wancan, ka sa ruwa. Kan jariri ne, Cindo."

Cindo ya durƙusa, hawaye na zuba. "Baba, ashe ka sani? Bari in ɗauko maka."

"Zauna. Tun ranar na ce wa Ubangiji na ba ka, don kada ka ciyar da iyalinka da haram. Naka ne."

"To kai fa, Baba?"

"Dutse bai ƙare a rafi ba. In ka gama sunan, ka raka ni. Zan nuna maka yadda ake jiƙa dutse a shafa da farce, a san mai kyau."

Suka je, suka zaɓo. Har Malam Barmo ya koma ga Mahaliccinsa bai faɗa wa kowa ba. Cindo kuwa bai sake iya kallon idonsa ba, ko gaisuwa sai a durƙushe.

To jama'a, ku saurara. An cuci bawan Allahn nan, an zage shi a kasuwa, ya san mai laifin, amma ya rufa masa asiri, ya kuma gyara shi. Mu fa? Maƙwabci ya yi kuskure da safe, kafin azahar mun kai maganar unguwa uku. Wanda ya san aibin ɗan'uwansa a cikinku, ya je ya same shi shi kaɗai. Allah Ya rufa mana namu.