Amanar Shamuwa da Albasar da Ba Ta Shiga Miya

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku amsa mana: ta zo mu ji ta. To, ku matso.

A wani gari akwai wata tsohuwa mai lambu, sunanta Tabawa. Mace ce mai sa abu a rai, ko kazarta ta yi tari sai ta kasa cin tuwo. Ranar da aka yi ruwan fari, sai Shamuwa ta sauka a tsakar gidanta, ta ajiye wasu abubuwa guda uku masu kama da albasa.

"Inna Tabawa, amana na kawo miki," in ji Shamuwa. "Daga wata ƙasa mai nisa na ɗauko su, kan duwatsun da ruwa ke daskarewa don sanyi. Fure ne, ana kiransa tulif. Awaki sun cinye danginsa kaf, waɗannan ne suka rage a duniya. Ki raya mini su, baɗi war haka zan dawo."

"To yaushe ake shuka shi, 'yar nan?"

"Ni tsuntsuwa ce, Inna. Ina na san shuka?"

Sai ta tashi fir, ta bar Tabawa da faɗuwar gaba.

Ashe Gafiya, wadda raminta ke gindin katanga, ta ji komai, har yawunta ya tsinke. Ta fito tana gyara gashin baki. "Maƙwabciya, me kike jira? Gero ya shiga ƙasa, gyaɗa ta shiga. Da damina ake shuka, ko yaro ya san wannan."

Sai Tabawa ta binne ɗaya. Ruwa ya yi ta zuba, albasar ta ruɓe. Gafiya ta tone ta, ta lashe, ta ce wai ta taimaka da shara.

Da kaka ta yi, rana ta buɗe da zafi, Gafiya ta sake fitowa. "Ruwa ne ya kashe waccan. Wannan rana take so. Ki sa ta a rairayi mai zafi."

Sai Tabawa ta binne ta biyu a rairayi. Rana ta gasa ta. Gafiya ta cinye, har da cewa gishiri ya yi kaɗan.

Saura ɗaya. Tsoro ya kama Tabawa sosai. Ta ɓoye ta a ƙwarya, ta ga bai yi ba. Ta ɗaure ta a bakin zane, ta ji tsoron kada ta zauna a kanta. Daga ƙarshe ta tura ta gindin randa, cikin damshin yashi, inda ya fi ko'ina sanyi a gidan. Kullum sai ta leƙa ta kafin ta sha ruwa.

Ana nan, ana nan, sai ɗari ya shigo. Gonaki suka bushe, kowa ya rataye fartanyarsa. Wata safiya Tabawa ta zo ɗibar ruwa tana rawar sanyi, sai ta ji 'yar siririyar murya daga gindin randa:

"Ni 'yar dutse, ni 'yar sanyi,
Binne ni yanzu, Inna, binne ni.
Kaina sama, gindina ƙasa,
Kada ki tone ni sai na fito."

Ta duba, sai ga ɗan tsiro ya leƙo a kan albasar. Ta haƙa rami mai zurfi a inuwa, inda ruwa ba ya kwanciya, ta sa ta yadda ta ce. Ta rufe, ta kewaye wurin da ƙaya. Masu wucewa suka yi ta dariya, suna cewa tsufa ya taɓa Tabawa, tana shuka bayan an gama girbi.

Shiru, shiru, ƙasa ba ta motsa ba.

Gafiya ta leƙo. "Maƙwabciya, ki tona mu gani mana." Tabawa ta yi banza da ita.

Gafiya ta sake dawowa. "Ni fa ina jin warin ruɓa." Tabawa dai ta dake.

A karo na uku Gafiya ta ce, "In ta mutu, da wane ido za ki kalli Shamuwa?" Wannan magana ta shigi Tabawa. Ta durƙusa, ta janye ƙaya, har ta sa yatsa a ƙasa. Sai ta cije leɓe, ta mayar da ƙayar, ta zauna a kan hannuwanta biyu tana kuka.

Da sanyi ya fara ja baya, sai ganye ya tsaga ƙasa. Kara ya miƙe, fure ya buɗe, ja wur kamar ɗan ƙoƙon da aka cika da garwashi. Gari ya taru ana kallo. Amma murna ba ta daɗe ba. Bazara ta shigo, furen ya zube, ganyen ya bushe ƙayau.

Ranar da hadari ya haɗo, Shamuwa ta sauka. "Inna, ina amanata?"

Tabawa ta nuna busasshen ganye. "Biyu na kashe da hannuna. Ta ukun ta yi fure, wallahi ta yi, amma kin ga abin da ya rage."

Shamuwa ta matsa wurin. Ta sa dogon bakinta a ƙasa, ta tona a hankali. Sai ga albasa ta fito ƙatuwa, da 'ya'ya manne a jikinta ta ko'ina. Ashe duk lokacin da Tabawa ke kuka a sama, ita haihuwa take yi a ƙasa.

Tabawa ta zube zaune. Ta ƙirga su, ta sake ƙirgawa, sannan ta ce, "'Yar nan, miƙo mini ruwa. Rabona da abinci ya yi mini daɗi tun ranar da kika zo."

Daga waɗannan 'ya'yan ne tulif ya bazu a duniya, kuma har yau sai sanyi ya kama ake binne shi. Ku riƙe wannan: baƙon abu ba a auna shi da lokacin gero, kuma mai ba ka shawara yana lasar baki, ba kai yake tausayi ba.

Ƙurunƙus kan gafiya.