Ƙofar Sarki Barau

A zamanin da, a wani birni mai ganuwa, akwai al'adar da aka gada tun kaka da kakanni: kowane sarki yakan fasa ƙofa ɗaya a jikin ganuwa a shekarar da mulkinsa ya kai ganiya, a sa mata sunansa. Wanda ya rasu bai fasa ba, maroƙa sukan tsallake shi wajen lissafa sarakuna.

Sarki Barau ya daɗe a kan gado, ƙasa ta zauna lafiya, rumbuna sun cika, fatake har daga bakin hamada suke zuwa. Amma ya ƙi fasa tasa ƙofar, domin a ganinsa ranar da ya ce ya kai ganiya, sai gangara. Mutanen sabuwar unguwa da ke bayan ganuwa kuwa kullum sai sun yi doguwar kewaya da jakunansu kafin su shiga kasuwa.

Wata rana a fada ya tambayi Galadima ko ganiyarsa ta zo. Galadima ya ce ta zo, sarki ya ce wato ya tsufa ke nan, ya tuɓe shi. Ya tambayi Ma'aji, shi kuma ya ce da saura, sarki ya ce wato bai tsinana komai ba ke nan, ya tuɓe shi. Sa'an nan ya juyo kan Waziri Mati, ya ba shi zuwa Juma'a ya kawo amsa ko ya ajiye rawani.

Waziri Mati dattijo ne mai son rawaninsa ƙwarai, ba ya ma ɓoyewa. Ya koma gida, ya tarar uwargidansa Dije tana yi masa faɗa don ya bar abincinsa ya huce. Ya tsaya ya dube ta, sai ya yi murmushi.

Ranar Alhamis ya roƙi sarki ya taka zuwa gidansa cin abincin rana, su biyu kaɗai a turaka, kuma don girman Allah kada ya karya kumallo. Sarki ya zo da hantsi. Ƙamshin gasasshen rago da dambun shinkafa ya cika gidan. Waziri ya shiga ba shi labarin iyakokin ƙasa. Azahar ta yi, suka yi salla, akushi bai fito ba. Sarki ya yi gyaran murya, ya yi hamma, cikinsa ya yi ta ƙugi, amma sarauta ta hana shi roƙon abinci. Sai bayan la'asar aka shigo da nama ya sandare, dambu ya bushe. Sarki ya kai loma biyu ya janye hannu, yunwar ta riga ta kwanta.

Ya ce, "Waziri, wannan wane irin wulaƙanci ne?"

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, jira nake yunwarka ta kai ganiya, don abincin ya fi daɗi. Yaushe ta kai?"

Sarki ya ce wajen azahar ne, amma a lokacin bai sani ba, yana tsammanin za ta ƙaru.

Waziri ya ce, "Haka amsata take, ranka ya daɗe. Ban san ko ganiyarka ta zo ba, kai ma ba za ka sani ba sai ta wuce. Na dai san yau kana da lafiya, magina suna nan, talakawanka kuma sun gaji da kewaya."

Sarki ya dube shi ya dubi akushi, sai dariya ta ƙwace masa har da hawaye. Washegari bayan sallar Juma'a ya mayar wa Galadima da Ma'aji rawunansu, ya ɗauki diga da hannunsa ya fara saran ganuwa. Kafin damina jakunan sabuwar unguwa suna shiga kasuwa kai tsaye, matan suna guɗa.

Sarki Barau ya ƙara shekaru masu yawa a kan gado cikin wadata, har malaman birnin suka yi ta gardama a kan wace shekara ce ainihin ganiyarsa, ba su daidaita ba. Waziri Mati ya ci gaba da naɗa rawaninsa cikin kwanciyar hankali har ƙarshen ransa. Sai dai tun daga ranar, duk sanda ya gayyaci sarki gidansa, sai sarki ya ci ya ƙoshi kafin ya fito.